Wa Ya Kankare Kan Injin Alhaji?

Anti Hadija, don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin na tono abin da ban san inda zan ajiye shi ba. Na san filinki na zaman aure ne da rigimar 'yan'uwa, ni kuwa maganar inji na kawo. Ki daure ki karanta har ƙarshe, za ki ga injin nan a tsakar gidanmu yake, kuma babu wanda bai taɓa ba.

Ni 'yar Aboabo ce, a nan Kumasi. Bana na gama karatun injiniyan motoci, ina zaune a gida ina jiran a tura ni bautar ƙasa. Muna da tsohuwar Fijo 504 ta kakana, marigayi Alhaji, wanda ya zo Kumasi daga Nijar yana saurayi ya yi fataucin goro. Tun rasuwarsa take ajiye a gindin bango, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Ba zan faɗi launinta ba don kada a gane gidanmu, ko da yake ina jin na riga na makara.

Matarsa, Kakata, tana nan da ranta. Idonta ya yi rauni ƙwarai, amma kunnenta ras. Bayan ƙaramar Sallah ta gaya wa Babana cewa abu ɗaya take so kafin ta bi mijinta, ta sake jin kukan motar nan. Ta ce a zamaninsu Fijo ta cika Zango, amma ta Alhaji ce kaɗai idan tana tsaye inji na aiki takan yi gurnani, ta ɗan yi tuntuɓe, ta sake kamawa. Tun daga bakin titi take gane ta, ta tashi ta ɗora ruwan tuwo. Mu jikoki mun sha jin wannan labari, muna ɗaukarsa zancen tsofaffi.

Babana malami ne, yana da makarantar Islamiyya. Ya kira ni ya ce tunda abin da na karanta ke nan, ga aiki ya samu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: in mayar da injin daidai yadda kamfani ya ƙera shi, ba ƙari ba ragi, ba ya son dabarun 'yan zamani a motar ubansa. Na ce to, kuma har zuciyata na faɗa.

Na sauke inji, na wanke komai, na fara awo, domin ni ba na yarda da ido. Bari in ɗan yi bayani, Anti. A cikin inji fistin yana hawa ya matse iska da fetur a wani ɗan gurbi da ke cikin kan inji kafin wuta ta kama. Iya ƙanƙantar gurbin, iya ƙarfin matsin. Littafin motar da na samu ya ce matsin ya zama takwas da 'yan ɗigo. Na ɗora gilashi mai huji a kan kowane gurbi, na ɗura ruwa da sirinji, na yi lissafi, sai na samu kusan tara. Na ɗauka hannuna ne ya yi rawa, na sake, haka ya fito. Na auna kaurin kan injin, sai ga shi ya ragu da abin da ya kusa milimita ɗaya. Wato an taɓa kankare shi.

Da farko ban damu ba. Mota takan yi zafi, kan inji ya ɗan lanƙwashe, a kai Magazin, unguwar makanikai, a goge shi ya daidaita. Amma mai gyaran lanƙwasa ba ya cin ƙarfe har haka. Da na zura yatsa a hanyoyin da iska ke shiga, sai na ji su sumul kamar cikin kofin tangaram, alhali na kamfani kaushi gare su. Wani ya zauna ya goge su da hannu, cikin natsuwa.

Sai na zaro kamshaf, wato sandar nan mai tozaye wadda ke buɗe bawul tana rufewa. Ita ma ba yadda ta fito daga kamfani take ba. An sake sassaƙa tozayenta yadda bawul zai fi buɗewa kuma ya fi daɗewa a buɗe. Irin wannan sanda ita ke sa mota ta ƙara ƙarfi idan ta miƙe a babbar hanya, kuma ita ce ke sa ta tuntuɓe idan tana tsaye. Anti, sai da na zauna a ƙasa. Ashe abin da Kaka take faɗa tun muna yara ba zancen tsufa ba ne, kamshaf take ji da kunnenta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gyaran biyu sun dace da juna. Sandar da ke jinkirta rufe bawul tana zubar da wani ɓangare na matsi idan inji na tafiya a hankali, shi ya sa ake kankare kai don a rama. Wanda ya yi wannan aiki ya san abin da yake yi, kuma gudu yake nema.

Ga inda matsalar take. A gidanmu Alhaji shi ne ma'aunin haƙuri. Babana ba ya wa'azi a kan samarin da ke tsere da babura a lungunan Aboabo ba tare da ya kawo sunansa ba. Yakan ce ubansa ya yi shekaru yana tuƙi bai taɓa wuce kowa a hanya ba, har trotro, motar haya mai tsayawa kowane taku, yakan bi ta a baya yana tasbihi. Da wannan hujja ya karɓe makullin babur ɗin ƙanena, bari in kira shi Shakiru, kuma har yau makullin na aljihun Baba. Idan Shakiru ya ji abin da na gano, kafin la'asar duk majalisar masu shayi ta ji.

Ana cikin haka wani tsohon ɗalibin Baba mai sayar da kayan mota ya ji ana tayar da Fijon, ya kawo kan inji da kamshaf na asali, masu lafiya, ya ce sadaka ce ga Alhaji. Baba ya yi murna ya sa masa albarka. Suna nan a ɗakina.

Idan na sa na asalin, na cika umarnin Baba, motar za ta yi lafiya, ta yi shiru kamar kowace Fijo, Kaka kuma za ta saurara ta ce wannan ba motar mijinta ba ce. Idan na mayar da na Alhaji, Kaka za ta ji abin da take jira, amma na saɓa wa Baba, ko dai in ɓoye masa ko in rushe masa wa'azinsa. Na yi tunanin raba gardama, in ɗauki ɗaya daga nan ɗaya daga can. Lissafi ya hana. Kan injin Alhaji da sandar kamfani za su iya sa inji ya riƙa ƙwanƙwasa da fetur ɗin da muke saye, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan yana cinye fistin. Kan kamfani da sandar Alhaji kuwa mota za ta yi kasala a cunkoson Adum, tsakiyar gari, inda ake tafiya taku-taku.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar faɗa. Na sa yumɓu a kan fistin na gwada, na ga da sauran ɗan fili tsakaninsa da bawul. Zuciyata tana ta raya mini in ƙara kankarewa kaɗan in ga iyakar abin da injin nan zai iya. Ban taɓa samun inji nawa na kaina ba, a makaranta mu da yawa muke rufuwa a kan guda ɗaya. Amma na san ƙarfen da aka kankare ba ya komawa.

Kuma tambayoyi sun hana ni sakat. Wa ya yi masa aikin? A nan Kumasi ne, ko a Tamale, ko can gida Nijar? Me yake wa sauri? Ni tsoho na sani mai farar hula, wanda ke ɓoye mini alewa a aljihun gaba. Anti, wane kai zan ɗaura, kuma wa zan fara gaya wa?

Jikar Mai Fijo, Aboabo

*

'Yata Jikar Mai Fijo,

Ni iyakar sanina da mota shi ne in shiga in ce bismillah. Don haka na kai wasiƙarki wurin wani maƙwabcina da ya tsufa a gyaran inji, na karanta masa. Ya ce lissafinki daidai ne, kada a raba kan da sandar. Wannan ya sauƙaƙa mana, hanya biyu ce ke nan ba uku ba.

Mu fara da ƙaiƙayin hannunki. Kada ki ƙara cire ko ƙurar ƙarfe daga kan injin nan. Son sani abu ne mai kyau, shi ya kai ki ga abin da gidanku duka ba su sani ba. Amma wannan injin amana ce, kuma babu irinsa biyu. Magazin cike take da injinan da ba su da kaka mai jiransu. Idan kin fara aiki ki nemi ɗaya, ki kankare shi har ki gaji.

Na biyu, kin auna komai da sirinji amma kin bar babbar shaida tana zaune a tabarma. Je ki wurin Kakarki ke kaɗai, ki kai mata goro, ki gaya mata abin da kika gani. Matar da ke gane mota daga bakin titi da wuya a ce ba ta san ranar da muryar motar ta canja ba. Wataƙila goro yake tsere da shi kada ya bushe a hanyar arewa. Wataƙila a haka ya sayi motar, bai ma san abin da ke cikinta ba, kin ga wannan bai zo miki a lissafi ba. Wataƙila kuma saurayi ne kamar kowane saurayi kafin ya zama tsoho mai farar hula. Kada ki yanke wa mamaci hukunci da awon ƙarfe kaɗai.

Sannan Babanki. Ki yi masa adalci. Da ya ce a mayar da ita yadda kamfani ya yi, abin da yake nufi shi ne a mayar da ita yadda ubansa ya bar ta, bai san abu biyu ne daban ba. Bai yi ƙarya a wa'azinsa ba, abin da ya gani ya faɗa. Kuma karɓe makullin Shakiru ba laifi ba ne, lungunan Aboabo cike suke da yara. Amma ba ki da ikon ɗaura wani abu a ɓoye. Ranar da aka tayar da motar zai ji tuntuɓen da kunnensa, ya gane 'yarsa ta zagaye shi, wannan zai fi yi masa ciwo fiye da kowane labari a kan ubansa. Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci abinci, ba a gaban Shakiru ko ɗalibai ba. Ki ajiye kawunan biyu a gabansa, ki sa yatsansa a hanyar iskar nan mai santsi. Ki gaya masa wanne ne na kamfani, wanne ne na Alhaji, da wanda mahaifiyarsa ke jira. Sai ki yi shiru. Malami ne, ya fi mu sanin matsayin buƙatar uwa.

Idan kuma wa'azin ne ke damunsa, ni ban ga ya rushe ba. Mai raggon inji da ya bi trotro a baya ba haƙuri ya yi ba, dole ce. Wanda ke da abin da zai wuce kowa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya zaɓi ya bi layi yana tasbihi a cikin gari, shi ne mai haƙuri. Wannan kuwa darasi ne da zai fi shiga kunnen Shakiru, ya san kakansa ya san daɗin gudu kuma ya san inda ba a yinsa.

Kafin duk wannan, maƙwabcina ya ce ki kai kan injin Alhaji a gwada shi da matsin ruwa a tabbatar babu tsaga, ki sa sabon gasket mai kyau, wato shimfiɗar da ke tsakanin kai da jikin inji, ki daidaita lokacin wuta da kulawa, ki fara da fetur mai daraja. In aka samu tsaga, magana ta ƙare, ki sa na kamfani ki gaya wa Kaka gaskiya. In lafiya yake, kayan sadakar nan ki shafe su da mai ki adana, ku yi wa mai kawowa godiya, ranarsu na zuwa.

Kada ki ja lokaci, 'yata. Inji zai iya jira, tsohuwa ba ta da wannan tabbaci. Ranar da za ki murɗa makulli, ki sa mata kujera kusa da motar, kada ki gaya mata wane kai kika ɗaura. Idan kika ga ta juya tana neman wanda zai ɗora ruwan tuwo, aikinki ya yi.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya ƙara wa Kaka lafiya, Ya sanyaya zuciyar Malam, ke kuma Ya yi wa hannunki albarka.

Anti Hadija