Kanta Mai Hawa Biyar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Mama. Ya kunnen? Na san in na kira a waya za ku yi ta "Me? Me kika ce?" har maƙwabta su riga ku jin labarin, shi ya sa na ɗauki biro. Direba maƙwabcinku ya ce zai riƙa kai mana wasiƙa, tunda kullum sai ya wuce ta gaban kantinmu.

Baba, ku gyara zama. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! An ba ni shugabancin sashen kayan wasan yara! Ni, Autarku, da na shekara uku ina jera sabulu da man goge baki. Wadda ke riƙe da sashen ta tafi ba zato, an yi wa mijinta canjin wurin aiki, ko sallama ba mu yi ba. Da Manaja ya kira ni ofis na ɗauka laifi na yi. Ya ce, "Za ki iya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tun jiya ma."

Mutum biyu ne a ƙarƙashina. Akwai Dogo, wanda in ya miƙa hannu sai ya taɓa fitilar rufi, ga haƙuri kamar ba ya jin zafi. Akwai Uwar Biyu, ita kuwa bakinta ba ya hutawa, amma aikin mutum uku take yi.

An kafa mana sababbin kantoci uku dogaye, kowace hawa biyar. Da kun gani da kun yaba, ko da yake na san ku, sai kun nemo aibi. Hedikwata ta aiko da takardar jeri: hawa na ɗaya kaza, hawa na biyu kaza, har na biyar. Manaja ya ce, "Hedikwata ta gama tunani, namu bi ne." Na bi ta layi-layi, daga sama har ƙasa, ko ɗigo ban tsallake ba.

Hutun ƙarshen shekara saura sati biyu, lokacin da iyaye ke cika kanti suna saya wa yara kyauta. Wallahi Baba ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Ku gaishe min da Mama. Ku sa ni a addu'a.

'Yarku,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunnena ƙalau yake, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Mamarki ta karɓe ta zaga da ita gida huɗu, yanzu duk layin nan an san ke ce mai kantin baki ɗaya. Na yi farin ciki ƙwarai, Allah ya yi miki albarka, ya taya ki riƙo.

Kantocin nan na ƙarfe ne ko na katako? In na ƙarfe ne kada ki gaya min. Shekara arba'in ina kafinta, yau shekara uku ba wanda ya kawo min aikin kanta ko ɗaya, sai gyaran ƙafar kujera.

Ki riƙe mutanenki da kyau. Wanda ba ya magana, shi za ki fi kula da shi.

Mahaifinki

*

Babana,

Ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da shirun sati uku, ban so in rubuto muku da baƙin labari ba ne.

Baba, abin ya ƙi. Hutu ya kama, kanti ya cika maƙil, amma layinmu kamar an yi shara. Iyaye su wuce da kwandon turawa, yara na biye da su, kowane ido a kan waya. Manaja ya tara mu ya ce ba mu kaɗai ba ne, cinikin kayan wasa ya faɗi a duk rassa. Hedikwata ta yanke cewa reshen da bai motsa ba zuwa ƙarshen hutu, za a rufe sashensa a zuba kayan waya. In aka rufe namu, ni sabulu zan koma. Dogo da Uwar Biyu kuwa gida za su tafi.

Abin haushin, muna da kaya! Sito cike yake har bakin ƙofa. Jerin ne ya gagare mu. Takarda ta ce manyan kwalaye, irin motocin da yaro ke shiga ya tuƙa da gidajen 'yan tsana, a hawa na ɗaya za su zauna. To ba sa shiga. Dogo ya hau tsani ya gwada su a tsaye, ya gwada a kwance, allon fitilar da ke sama ya tare. Dole muka mayar da su sito. A hawa na biyar kuwa, can ƙasa, takarda ta ce batir da takardar naɗe kyauta. Ku zo ku ga fili, akuya za ta kwana a ciki ta miƙe ƙafa, ga 'yan batira a tsakiya kamar marayu. Uwar Biyu ta ce wanda ya ƙera kantocin nan bai taɓa ganin abin wasa ba.

'Yan tsana da ƙananan motoci suna hawa na biyu, kusa da sama. Duk mai so sai an kira Dogo. Jiya Manaja ya leƙa sito ya ga kwalaye jibge, ya ce Dogo ne ke nawa, ya ba shi takardar gargaɗi. Dogo ya ninke ta ya sa a aljihu. Na ji kamar in yi kuka.

Amma ban karaya ba. Na sa an hura balan-balan, na rubuta alluna masu launi. Saura kwana goma sha biyu.

Kantocin na ƙarfe ne. Ku yi haƙuri.

Taku,
Auta

*

Auta,

Sallama a gurguje, Direba na jira a ƙofa yana min hon, wai har ni ina ji.

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har tari ya sarƙe ni, Mamarki ta kawo ruwa da gudu. Yarinya, wa ya gaya miki ana ƙirga kanta daga sama? In kin shiga bene, hawa na ɗaya a sararin sama kike samunsa? Duk abin da aka gina, daga ƙasa ake fara shi, daga ƙasa kuma ake ƙirga shi. Ke kin karanta kanta kamar shafin littafi. Wanda ya ƙera ta ya san aikinsa, ko da ƙarfe ya yi ta. Ya bar fili a ƙasa don manyan kaya masu nauyi, ya matse sama don ƙanana. Kin kifa sashenki ne, ƙafa a sama, kai a ƙasa.

Ga sanda nan na ba Direba. Kin tuna katakon gefen ƙofar shagona, inda nake tsayar da ke duk shekara in ja zane da ƙusa a saitin kanki? Yau na sa zarto na yanko shi daga ƙasa zuwa zanen shekara huɗu. Mamarki ta ce na haukace, tun ɗazu ba ta kula ni. Ki tsayar da sandar a gaban kanta. Duk abin da ya wuce kanta, ƙaramin yaro bai gan shi ba, abin da bai gani ba kuwa ba zai ja rigar uwarsa a kai ba.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Takardar da ke aljihun Dogo taki ce. Kada ki lallaɓa ki juya kaya a ɓoye kamar ba a yi komai ba. Ki je wurin Manaja da ƙafarki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mahaifinki

*

Baba! Babana!

Gaisuwa daga baya, ku bari in fara!

A bakin ƙofar kanti na karanta wasiƙarku, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ruga na tsayar da sandar a gaban kanta, na durƙusa har idona ya zo daidai kanta. Baba, kun san me yaro yake gani a sashena sati uku? Batir! Batir da takardar naɗi, a duk kantocin uku reras. Uwar Biyu ta same ni a durƙushe ta ce, "Shugaba, me ya faɗi?" Na ce, "Hankalina." Da na yi mata bayani ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana tafa hannu, tana cewa, "Mu da muka zagi bawan Allah mai ƙera kanta!"

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya min in yi shiru. Wa zai sani? Sai na hango Dogo yana jan tsani. Na ɗauki sandar na nufi ofis.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin ba na Dogo ba ne, nawa ne. Daga sama na ƙirga."

Ya dube ni, ya dubi sandar, ya jawo takardar jeri. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni kuwa har na fara tuna inda sabulun wanki yake zama. Can ya ce, "Ni ma kullum sau goma nake wucewa ta gaban kantocin nan." Ya aika aka kira Dogo, ya karɓi takardar gargaɗin ya yaga a gabansa, ya ba shi haƙuri. Ni kuma ya ce tawa tana nan tafe, kuma ta zo, na sa hannu. Sannan ya tuɓe kwat ya naɗe hannun riga ya ce, "Me muke jira?"

Da rana tsaka muka juya sashen, masu sayayya na kallo. Dogo na sauko da kaya, Manaja na turo kwalaye daga sito yana haki, Uwar Biyu na bin kanta da sandarku tana ba da umarni, har Manajan take cewa, "Ƙasa, ƙasa, ranka ya daɗe!" Motocin nan suka shige hawan ƙasa cif, kamar da su aka auna. Ashe da su ɗin aka auna.

Ba mu gama ba wata 'yar yarinya ta saki hannun babanta, ta jawo jar mota ta shige ta riƙe sitiyari. Uban ya yi lallashi, ya miƙa mata waya, ta ture. Da ita a ciki aka tura motar har wurin biya. Dogo ya yi dariya, ranar na fara ganin haƙoransa.

Yau kwana huɗu ke nan layinmu ba masaka tsinke. Hayaniya, kuka, "Mama ki ga!", 'yan tsana a warwatse a ƙasa muna tsincewa. Ban taɓa murnar ɓarna irin wannan ba. Sai dai sati ukun da na ɓata ba za su dawo ba, ban sani ba ko kwanakin da suka rage za su ishe mu. Manaja zai je taron hedikwata bayan hutu, ya ce in ara masa sandar. Na ba shi, na ce amana ce.

Yanzu ga gaisuwar: ina gaishe ku, ina gaishe da Mama, ku ce ta yafe muku ƙofar saboda ni.

'Yarku mai ƙirga daga ƙasa,
Auta

*

Zuwa ga Malam Kafinta, mahaifin shugabar sashenmu na kayan wasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne manajan reshen da 'yarku take aiki.

Ina farin cikin sanar da ku cewa hedikwata ta bar mana sashenmu, da ma'aikatansa uku. Cinikin bai kai na shekarun baya ba, amma a rassa goma sha huɗu namu ne kaɗai ya ɗaga a ƙarshen hutu. Na kai sandarku taro na ba da labarinta. An yi dariya, sai manajoji biyu suka fita waje suna buga waya. Ashe su ma daga sama aka ƙirga musu.

An umarce ni in roƙe ku ku yi mana irinta guda goma sha huɗu, ta katako, kowane reshe ɗaya. In hali ya yi, muna so ku zo da kanku ku duba mana kantocin sito.

'Yarku ta yi kuskure, ta kuma kawo kanta. Na gode da tarbiyya.

Naku cikin girmamawa,
Manaja

*

Auta,

Sallama. Wasiƙar Manajanku ta iso, Mamarki ta fita da ita tun safe, har yanzu ba ta dawo ba.

Na wasa zarto, na sayo katako mai kyau. Ki ce masa sanduna goma sha huɗu za su samu ranar Laraba, zan kuma zo in ga wannan ƙarfen da idona. Rabon da in tashi da aiki yana jirana har na manta daɗinsa.

Amma sandar asali ba ta kanti ba ce. Ki karɓo ta ki kawo min da hannunki. Na so in toshe gurbin da wani katako, Mamarki ta tsaya a ƙofar ta ce sai dai in bi ta kanta. Sauran shekarunki na nan a sama, daga biyar har goma sha biyu, a rataye ba ƙafa. Ki zo mu mayar, in kuma tsayar da ke in ja sabon zane.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki