Abba a Tafkin Birmingham

Fallowfield, Manchester,
15 ga Afrilu.

Zuwa ga Baffa Bara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da Gwaggo Raki da dukan mutanen gida a Yauri. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Umma tana lafiya. Ni ma na karɓi takardar digirina, ina neman aiki.

Baffa, maganar ƙaninku ce ta sa na rubuto. Tun da Abba ya yi ritaya, likitansa ya ce ya nemi abin motsa jiki, shi kuma ya ce kamun kifi zai koma, irin na gado. Ya sa ni in bincika masa jirgin da ya dace. Mako biyu na yi ina auna guda uku. Akwai kayak, siririn jirgi na mutum ɗaya, faɗinsa santimita saba'in da shida. Akwai kwale-kwale, wanda ya fi shi faɗi kaɗan. Sai wani mai tulu biyu na iska da kujera a tsakiya, wanda da wuya ya kife. Shi na zaɓa masa. Abba ya yi dariya, ya ce jikan Sarkin Ruwa ba zai kama kifi a kan kujerar falo ba.

Ranar Asabar na je Birmingham, muka tafi wani tafki inda ake gwada jiragen. Sanyin ruwan digiri tara ne, na karanta a allonsu. Ya zaɓi kayak. Rigar hana nutsewa ma sai da Monica, matar da ke kula da wurin, ta ce ba mai shiga babu ita, sannan ya saka yana ƙunƙuni. Bai fi mita goma daga gaɓa ba, sai na ga ya miƙe tsaye da filafili, yadda yake ba mu labarin Kaka yana yi a kogi. Jirgin ya juye nan take.

Na tsaya ina jira ya yi iyo. Wallahi Baffa, jira na yi, don tun ina yarinya nake jin yadda kuke tsallake kogi ku biyu. Bai yi ba. Dukan ruwa kawai yake yi, bakinsa a buɗe, numfashi ya ƙi fita. Monica ce ta jawo shi ta wuyan rigar.

A mota, yana karkarwa cikin bargo, ya ce mini yana ɗan shekara shida aka tura shi makaranta wurin dangi, bai taɓa koyon iyo ba, ku ne kuke tsallakewa, shi yana gaɓa yana riƙe muku riga. Ya hana ni gaya wa Umma. Jiƙaƙƙun kayansa ma a leda na taho da su Manchester, ga su nan rataye a ɗakina suna warin tafki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wayar da ya yi mini jiya. Wai ranar 26 ga wata zai sayi kayak ɗin, ya riƙa fita shi kaɗai, kuma wai rigar hana nutsewar ce ta ɗaure shi, ruwa ya san jinin gidanmu. Na karanta masa abin da ruwan sanyi ke yi wa numfashi a minti na farko. Ya ce na cika tsoro.

Ni ba zai ji tawa ba. Ku kaɗai kuka san gaskiya, kuma bai taɓa musa muku ba. Don Allah ku kira shi kafin ranar. Ba sai kun kunyata shi ba. Ku ce masa dai mai riƙe riga ma ɗan gida ne, ya saka tasa ta hana nutsewa, ya zauna, ko da a kujerar falo ce.

A gaishe mini da Gwaggo Raki, da Nana A'isha, da Umair. Allah ya bar zumunci.

Taku 'yar,
Rumaisa Maharazu