Wasiƙa Zuwa Ga Yaya Kan Amfilifayar Da Ta Ƙone A Motar Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida. Idon Baba kuwa sai addu'a, yanzu ko fuskar mutum ba ya rarrabewa, amma kullum sai an kai shi shagonmu na wayarin mota ya zauna a bencinsa.

Yaya, na so in kira ka a waya, amma wallahi bakina ba zai iya furta maganar nan ba. Laifi na yi maka, kuma babba.

Ka tuna Dogo direba, wanda ka sa wa amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da wufa ɗaya, babbar sifikar nan, a motarsa kafin ka tafi? Makon jiya ya zo wai a ƙara masa wufa ta biyu, kiɗan ba ya girgiza masa ƙirji yadda yake so. Na leƙa jikin amfilifayar na ga an rubuta ƙarfinta wat dubu da manyan baƙaƙe, na ce shi ke nan, za ta ɗauka. Ƙaramin rubutun nan na ƙasa, wanda ka sha gaya mini shi ne ƙarfinta na gaskiya, ko kallo bai ishe ni ba. Na haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, na murɗe na naɗe da salatef. Mitar Baba ta auna wuta tana rataye a ƙusa, taku biyu tsakanina da ita, amma girman kai ya ce mini haba, shekara huɗu kana aikin nan sai ka auna?

Ka san sauran zancen. Kowace wufa om huɗu ce a ma'aunin tare wuta, haɗin da na yi ya saukar da su zuwa biyu, ita kuma amfilifayar ka riga ka haɗe layukanta wuri guda, ba ta jure ƙasa da huɗu. Sai ta yi ta jan wutar da ta fi ƙarfinta. Da na jera wufofin ɗaya ta bi ta cikin ɗaya, da ƙarar ce kawai za ta ragu.

Washegari da rana tsaka sai ga Dogo, bayan motar na tashin hayaƙi, kafet ya babbake, matarsa na tari a kujerar baya. Ya yi ta faɗa har mai faci da mai walda suka bar aikinsu suka taho. Ban san lokacin da na ce ai tun farko ba a ɗaura amfilifayar daidai ba. Kai na ɗora wa, Yaya, don na san ba ka nan balle ka kare kanka. Baba yana zaune yana ji. Kwana uku abincin kirki bai shiga cikinsa ba, shi ya sa kuma bai amsa kiranka ba ranar Juma'a.

A rana ta huɗu Baba ya ce in riƙe hannunsa in kai shi wurin motar. Ya zura hannu yana bin wayoyin da yatsa, ya warware salatef, ya shafa murɗin sau biyu. Sai ya ce kai, Yaya, bahago ne, tun kana ƙarami hagu kake murɗa waya, wannan kuwa hannun dama ne ya yi shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ƙona amfilifaya ba komai ba ne, shi ma uku ya ƙona yana koyon aiki, amma bai taɓa ɓata sunan wanda ba ya nan ba. Ya sa na kira Dogo da mai faci da mai walda, na faɗi gaskiya da bakina. Sannan Baba ya miƙo hannu ya karɓi makullin shago daga wurina.

Ya ce makullin zai zauna a aljihunsa sai amsarka ta zo. In ka ce a ba ni, zai ba ni. In ka ƙi, shagon da ya yi shekara talatin yana buɗewa ya rufu ke nan. Ba ni da bakin roƙonka makulli, gafararka nake nema. In kuma ka huce, ka gaya mini abin da ya dace da motar Dogo: amfilifaya mai jure om biyu, ko a bar masa wufa ɗaya kamar dā.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Goggo da Kawu suna gaisuwa. Ka gaida Anti, amma don Allah kada ka karanta mata wannan. Baba ma ya ce in gaishe ka, ya ce ka sake kira, zai ɗauka. Har yanzu kowace safiya nakan riƙo hannunsa zuwa shago, mu zauna a benci, ƙofa a rufe a bayanmu. Duk mai motar da ya tsaya, sai Baba ya ce masa a yi haƙuri, muna jiran saƙo.

Ƙaninka mai jiran amsa,
Auta