Tukunyar Mama Za Ta Koma Michika

Daren Laraba, Shagari Low Cost

Ya littafina, gafarta mini da na tashe ka, raina ne a ɓace.

Na sha yawo a keke, lungu-lungu na Jimeta, ina neman abincin rana da gyambon cikina zai karɓa, kafin na dace da rumfar Mama Rifkatu, wadda rikici ya koro daga Michika. Miyar yakuwarta da gyaɗa, babu yaji, takan sauka kamar ruwan farko a busasshiyar gona.

Yau tana zuba mini tuwo ta ce, "Malam, gari ya yi lafiya, zan koma gida."

Na ce, "Mama, cikina fa?"

Ta yi dariya. "Sai ka biyo ni Michika."

Da ƙyar addu'ar sauka lafiya ta fito daga bakina. Kunya nake ji: baiwar Allah ta samu gidanta, ni kuwa ina makokin miya.