Kazar da Ta Yi Kwanci a Rumbun Sama

Goggo Pang, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta kewaye-kewaye. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Yau kwana goma sha uku ke nan da na taka tsanin gidan mijina na hau rumbun sama, wato benen katakon da ke cikin gida ƙarƙashin rufi inda ake adana masara, kuma tun daga ranar komai ya canza mini a gidan nan.

Shekarata ashirin. Bara aka kawo ni wannan ƙauye da ke kan duwatsu a saman garin Meo Vac, daga garinmu da ke hayin kwari. Maigidana Tua ya tafi aikin masana'anta can nesa a birnin Bac Ninh bayan an kwashe masara, ya bar ni da iyayensa da ƙaramin ciki. Yanzu cikin wata huɗu ne. Baba, surukina, ba ya magana da ni, ba don ƙiyayya ba, haka dai ake yi tsakanin uban miji da matar ɗa. Inna kuwa maganarta duk ta aiki ce: turara dambun masara, yanko wa saniya ciyawa, duba wuta. Idan hazo ya sauko ya rufe duwatsu sai in yi kwana uku ban hango rufin maƙwabta ba. Abokan hirata 'yan littattafan soyayya ne guda tara da na taho da su a ƙasan akwatina, duk na haddace su. A cikinsu idan yarinya ta shiga damuwa, saurayin yakan baro birni ya iso cikin ruwan sama, riga a jiƙe. Nawa saurayin yakan kira ranar Lahadi, ya tambayi lafiyar saniya, ya ce in gaida Inna, shi ke nan sai ƙararrawar aiki ta kira shi.

Ga inda matsalar ta fara. Kin san mai jego a wurinmu wata guda cur ba ta cin komai sai shinkafa mai zafi da romon baƙar kaza da ganyen magani. A watan tara ciwon kaji ya shigo ƙauyenmu ya share akurkinmu, ya bar mana tsohon zakara ɗaya da baƙaƙen kaji biyu. Haihuwata a watan biyar za ta zo. Na ƙirga da yatsu na ga in ba a ƙyanƙyashe yanzu cikin sanyin nan ba, babu kazar da za ta isa yanka a lokacin. Da kaza ta farko ta fara kwanci sai na tara mata ƙwai. Inna ta leƙa akurki ta ce, "Ke da kazarki duk babu mai duba lokaci. Wa ya taɓa sa ƙwai raɓa na daskarewa?"

Amma ta ƙyanƙyashe, Goggo, guda goma sha ɗaya, baƙi ƙirin kamar gawayi mai ƙafa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da na zo gidan nan. Da yamma sanyi ya sauko, na ga kamar uwar ba za ta iya rufe su duka ba. Tausayi ya kama ni, na kwashe su na bar ta tana ta kiransu. Na zuba su a kwando, na lulluɓe shi ruf da bargon aurena, na ajiye kaskon garwashi a gefe, na ja ƙofar ɗakina. Da gari ya waye bakwai sun mutu, ni ma na tashi da ciwon kai mai nauyi. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta tattara su ta nuna mini ta ce, "To, amaryar littafi, ga naman jegonki nan, a tafin hannu ɗaya." Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Huɗun da suka rage na riƙe su mako guda, da na mayar wa uwar sai ta dinga saransu, ta ƙi su. Yanzu a cikin rigata suke wuni, a jikin cikina. Na raɗa musu sunayen samarin littattafaina. Ƙaramin cikinsu kashi ya manne masa a baya, kullum kuka yake, ba ya ci sosai.

Sai kuma kaza ta biyu ta ɓace. Na duba bayan gida, na duba ramukan duwatsu. A kwana na uku, tsofaffin sun tafi yankan ciyawa, ina zaune bakin murhu sai na ji ƙugin kaza a saman kaina. Goggo, na san doka sarai, tun ina yarinya mahaifiyata ta ja mini kunne: matar ɗa ba ta hawa rumbun sama muddin iyayen miji suna raye. Na tsaya a gindin tsanin nan har ƙafata ta yi sanyi, sannan na hau. Ga ta can a tsakiyar masara, daidai saman murhu, ta kwanta a kan ƙwai goma sha biyu. Wurin da ɗumi, yana ƙanshin hayaƙi da busasshiyar masara. Ta karkace kai ta dube ni da ido ɗaya, ba ta gudu ba. Sai na zauna kusa da ita na yi kuka.

Da sau ɗaya ne da na ce kuskure ne. Sau bakwai na hau. Duk lokacin da suka fita sai in kai mata ruwa a wani ɗan faranti mai ɓallen baki, da ɓarzajjiyar masara a aljihu, in zauna in karanta mata littafi da ƙarfi. Kada ki yi mini dariya. A duk gidan nan ita kaɗai ce ke jira irin jiran da nake yi.

A karo na bakwai na ji tarin Baba a bakin shinge. Na sauko a guje, na manta littafin da farantin a sama. Washegari na tarar da littafin a kan kujera a ƙofar ɗakina, an goge masa toka, an sa ɓawon masara a shafin da na tsaya. Tsanin kuma babu shi, an kai shi bayan gida kusa da turken saniya. Babu wanda ya ce mini uffan. Kowace safiya Baba yakan ɗauko tsanin yana tari, ya hau, ya daɗe, ya sauko da masara biyu ko uku, ya mayar da tsanin waje. Da can sai bayan kwana biyar yake hawa. Na san dubawa yake ko na sake takawa. Farantin ma bai dawo mini da shi ba. Sannan ya kafa kujerarsa a bakin murhu kamar mai gadi, wuni yake yana cusa itace, mutumin da ke ɓata rai in an sa kara biyu a lokaci ɗaya.

Tsorona biyu ne. Ranar da ya buɗe baki ya faɗi abin da na yi, dole a yanka kaza a ba ruhin magabatan gida da suka rasu haƙuri, ga shi kuma manyan kaji uku kacal suka rage. Idan kuma wani abu ya sami cikin nan, kowa zai ce tsanin ne. Na gaya wa Tua mutuwar 'yan tsakin, ban gaya masa tsanin ba. Dariya ya yi ya ce, "Ke dai da kaji! Zan sayo miki farare na gona ashirin." Inna da ke jin mu ta ce farar kazar gona ko kare ba ya jego da ita.

Saura kwana biyar kazar rumbun ta ƙyanƙyashe. Idan 'yan tsakin suka fito a can sama, za su faɗo ta tsakanin katako su afka murhu, ko ɓera ya kwashe su. Ranar Lahadi tsofaffin za su sauka kasuwa. Na yanke shawara zan shigo da tsanin da kaina, in hau in sauko da kazar da ƙwanta ɗakina.

Mai 'yan tsaki huɗu, daga saman Meo Vac

*

'Yata,

Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauki taki saboda Lahadi ta kusa. Kada ki taɓa tsanin nan. Ajiye maganar doka a gefe tukuna: mace mai cikin wata huɗu ba ta ɗaukar tsanin da ke sa tsoho tari, balle ta sauko a kansa da kaza a hammata da ƙwai a zani. Ƙwan da ya kai wannan kwanaki kuma, in ya sha iska ko ya girgiza, ko kazar ta ƙi sabon wuri, duka sha biyun sun tafi. Kazarki ta fi ki dabara a wannan, ta zaɓi wurin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan. Ki bar ta ta ƙarasa.

Kina da gaskiya a wasu abubuwa. Lissafinki na wata daidai ne, tsoronki na faɗowar 'yan tsaki ma daidai ne, kuma yarinyar da ta kai ga karanta wa kaza littafi an bar ta ita kaɗai fiye da kima. Amma gidan ma yana da tasa gaskiyar. Sun rayu da dokar nan tun kafin a haife ki, kin taka ta sau bakwai kina sane.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki kamar yadda kike karanta littattafanki. Mai son kama ki a bakin tsani zai bar shi a wurinsa ya laɓe. Mai fushi da littafi murhu zai jefa shi, ba zai tsaya neman shafin da kika tsaya ba. Me tsoho zai yi a sama kowace safiya har ya daɗe? Ina farantin yake, in ba a gaban kazar ba? Itacen da yake ƙonawa, wa ke kwance a samansa? Kuma ke da kanki kika faɗa cewa ranar da ya furta dole a yanka kaza. Shi ma ya iya ƙirga uku. Ban san zuciyarsa ba, ban taɓa ganinsa ba, amma ni abin da na gani shi ne tsoho da ya rufe bakinsa yana yi miki kiwo.

Saboda haka kada ki durƙusa gabansa da dogon bayani, sai ki tilasta masa abin da yake kaucewa. Ki sami Inna tana turara dambu ki ce mata kawai: kazar da ke sama ta kusa ƙyanƙyashewa, ki roƙa mini Baba ya kewaye ta da katako ko buhu yanzu, in sun fito sun bushe ya sauko da su tare da uwarsu. Za ta yi miki baƙar magana. Ki shanye, saƙon zai isa.

In sun sauko, kada ki sake raba su da uwar. Babban kwando a kusurwar da iska ba ta bugawa, nesa kaɗan da murhu, a shimfiɗa busasshen ɓawon masara mai kauri, a canza shi da zarar ya jiƙe. Rufe gefe, bar sama a buɗe. Garwashi a rufaffen ɗaki shi ya kashe bakwai ɗin nan, ba sanyi ba, kuma ciwon kan da kika tashi da shi gargaɗi ne gare ki da abin da ke cikinki. Kada ki sake, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar asibiti a awonki na gaba.

Marayun huɗu ki fitar da su daga rigarki. Cika kwalba da ruwan zafi, naɗe ta da tsumma, sa musu a nasu kwandon, ki riƙa sabuntawa. In sun dunƙule suna tsuwa sanyi suke ji, in sun watse suna haki zafi ya yi yawa. Ruwan shansu mai ɗumi-ɗumi a faranti marar zurfi, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su jiƙe. Masara a niƙa ta da laushi, a haɗa da ɗan dafaffen ƙwai in an samu. Ƙaramin kuma ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki tausasa abin da ya manne masa, kada ki fizge, ki busar da shi sosai. Wanke hannu duk lokacin da kika taɓa su. Ki nemi malamin dabbobi ya ɗiga musu rigakafi, tun da ciwo ya taɓa shiga akurkinku.

Ko duka sun rayu ba za su cika miki wata ba. Ki gaya wa Tua tun yanzu ya tanadi baƙaƙe daga kasuwa, ba farare ba. Ranar Lahadi kuma, kafin ya kai ga saniya, ki ce masa kina kewarsa. Ba littafi ya karanta ba, sai an faɗa masa. In hazo ya ɗaga, ɗauki ɗinkinki ki shiga maƙwabta.

Abu na ƙarshe. Cikin waɗanda za su fito a rumbun nan ki zaɓi zakara ɗaya ki kula da shi na musamman, kada ki sa shi a lissafin jegonki. Ranar da ya fara cara, ki ɗaure masa ƙafa ki ajiye shi a gindin kujerar Baba, ba sai kin ce komai ba. Ya san na ba magabata haƙuri ne, ya kuma san inda zai kai shi.

Ina yi miki fatan sauka lafiya, ke da kazar taki duka.

Goggo Pang