Mijina Na Jinyar Gada, Ya Ƙi A Duba Kunnensa

Anti Noreen, ki taimake ni kafin in jefa wayar mijina cikin kogin Fitzroy.

Brenton injiniya ne, shi ke kula da wata sabuwar gada a bayan garin Rockhampton. Wai kankarenta ba irin na kowa ba ne, an gauraya simintin da wasu ƙwayoyin gawayi da ido ba ya gani, masu ɗaukar lantarki. Da ya ɗan tsage ko nauyi ya dame shi, sai saƙo ya faɗo wayar Brenton. Kankare mai kai ƙara ke nan! Ranar Asabar muna gashin nama a bayan gida, ƙannensa duk sun zo, wayar ta yi ƙara, ya bar naman a wuta ya figi mota. Ashe tirelar shanu ce ta wuce, gadar ta ɗan yi nishi. Ya dawo yana washe baki, wai lafiyarta ƙalau. Naman kuwa ya zama gawayi.

Duk wannan da sauƙi. Akwai wani baƙin tabo a saman kunnensa, tun Kirsimeti yake girma, yanzu har jini yake yi in ya cire hula. Kin san zafin ranarmu, shi kuwa bai taɓa shafa man kare fata ba. Babansa ma da haka ciwon dajin fata ya fara masa. Na ce mu je a duba, ya ce wai ƙurji ne, zai bushe, in daina mita. Mutumin da tsagar da ba ta kai silin gashi ba ke hana shi cin abinci! Tsoro nake ji, Anti.

Matar Mai Jinyar Gada

'Yar uwa, ƙyale wayar, kifayen Fitzroy ba su yi miki laifi ba.

Kada mu zalunci Brenton. Motocin 'yan makaranta na bin gadar nan, kuma gara injiniya mai rawar jiki da mai barci. Sai dai irinsa na san su: na'ura in ta yi tari su miƙe, matarsu in ta faɗi abin da ta gani da idonta su ce mita ce. Kuma ba taurin kai kaɗai ba ne. Ya ga abin da ya sami babansa, shi ma tsoron yake ji.

To ki zo masa ta inda yake ganewa. Ki ɗora rula kusa da tabon, ki ɗauki hoto, ki tura masa a waya da rubutu: yana ƙaruwa, a gaggauta dubawa. Yau ɗin nan ki kira asibitin fata ki kama masa layi, ki karɓe makullin mota, ke za ki tuƙa. Ban ce ki nemi shawararsa ba. A hanya ki gaya masa tsoronki yadda kika gaya min, ba faɗa, ba zolaya.

Gadar nan in ta lalace gwamnati za ta gina wata. Ke kuwa babu kamfanin da zai zuba miki wani Brenton. Allah ya sa abin bai yi nisa ba.

Anti Noreen