Mu Babu Igiya

Haɗejia, daren Alhamis

Har yanzu raina a ɓace yake. Ɗazu a gonar shinkafa Kawu Sale ya tambaye ni aikin da nake yi a jami'a a Kano. Na ce muna harba haske cikin wani dutse mai kama da gilashi, ƙwayoyin haske huɗu su fito a sarƙe da juna. In ka auna ɗaya, ka san halin sauran komai nisansu.

Ya ja igiyar korar tsuntsaye, gwangwanaye suka kaɗa har ƙarshen gona. Ya ce, "Kamar wannan ke nan."

Na ce, "A'a Kawu, mu babu igiya."

Bayan magariba ya zo ya ce wa Baba wannan aikin aljanu ne, kada a bar ni in koma. Inna ta ce da na ce wa Kawu e kawai, da an wuce wurin.

Wata da watanni ina daidaita madubai a ɗaki mai duhu, babu aljanin da ya taya ni. Ba zan ƙirƙiro igiya don hankalin Kawu ya kwanta ba. Ranar Asabar ina cikin motar Kano.